Jinjina Ga Kwamitin Ba Da Kwangila

An daɗe ana cin zalin ƙananan hukumomi da baki. Da ka kunna rediyo bayan sallar isha'i za ka ji wani sojan baka yana rantsuwa cewa ba su iya komai ba, wai ko albashin malaman firamare sai an kama musu hannu. Masu rubutu a jarida su ma ba su bar su sun sha ruwa ba. To, yaba kyauta tukwici. Akwai fanni guda da ƙananan hukumominmu suka yi wa kowa fintinkau a cikinsa, har da gwamnatin tarayya mai taƙama da ƙwararru, wato zaɓen wanda za a danƙa wa aikin gini. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, harshe daban, addini daban, jam'iyya daban, amma ka tashi daga bakin teku ka dire a iyakar Nijar, hanyar fitar da ɗan kwangila kusan iri ɗaya za ka tarar. Ba wanda ya tara su a aji ya koya musu. Ƙasar da ake cewa ba ta da haɗin kai ke nan.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu gini da gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabarta, da bandakunan jama'a, ya kuma ba su hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne, kowane wata. In ka cire albashi, yawancin abin da ya saura siminti ne da yashi da kwanon rufi. Wanda ya riƙe alƙalamin ba da kwangila shi ya riƙe ƙaramar hukumar, kuma abu mai nauyi haka ba a barinsa a hannun sa'a.

Wasu sun so a bar shi a hannun sa'ar. A watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya. Kafin nan wani bincike da Bankin Duniya ya yi a farkon dawowar mulkin farar hula ya ce wai cikin kowace naira da gwamnati ta kashe kan kwangila, kwabo 60 na bin iska. Sai doka ta ce a riƙa tallata aiki a manyan jaridu biyu, a ba mutane mako shida su shirya, kowa ya kawo farashinsa a rufe cikin ambulan ya jefa a akwati, a buɗe a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta nemi shaidar rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da shaidar cewa mutum ya taɓa yin irin aikin. Jihohi da dama sun kwaikwaya sun yi tasu, suka ce ta hau kan ƙananan hukumomi ma.

Duk mai hankali ya ga aibin wannan tsari. Yana nufin wani baƙo da ba a san ubansa ba, wanda bai taɓa zuwa ta'aziyya garin ba, bai san ƙofar gidan shugaban jam'iyya ba, zai iya karanta jarida a Kaduna ya zo ya ɗauke aikin kwalbatin unguwarmu don kawai ya iya aikin kuma ya yi araha. Ina aka taɓa haka? Mutumin kirki ba ya tallata auren 'yarsa a jarida ya ce wanda ya fi takardu ya zo ya ɗauka. Asali ake bincikawa, a duba zumunci, a tuna wanda ya tsaya wa gidan lokacin da ake cikin wuya. Ƙananan hukumominmu sun ɗauki baitulmalin jama'a da daraja irin ta 'yar cikinsu, shi ya sa ba sa ba da shi sai a gida.

Hikimar ita ce a fara samun mutumin, sannan a nemo masa aikin. Masu suka na cewa ba a tantance 'yan kwangila. Ƙarya suke yi. Tantancewar da ake yi ta fi ta mako shida tsawo da tsanani, don tun daga zaɓen fid da gwani ake fara ta. Wa ya biya kuɗin fom? Wa ya buga fasta? Wa ya ɗauki nauyin motocin da suka kwaso mata daga ƙauyuka ranar zaɓe, wa ya kwana a wurin tattara sakamako sauro na cizonsa? Wannan jarrabawa ce da ba a satar amsa a cikinta. Injiniyan da yake yawo da takardar rajistar ƙungiyarsu ta injiniyoyi a jaka, yana ina a daren nan? Yana gida yana barci. In an zo rabon romon dimokuraɗiyya sai ya ci gaba da barcinsa.

A duba kuma baiwar da Allah ya yi wa wanda aka zaɓa. Ba shi da tifa, ba shi da injin kwaɓa kankare, ko baro ba shi da shi, saboda haka babu abin da zai lalace masa a tsakiyar aiki. Kamfaninsa duka yana cikin aljihun babbar riga: takardar rajista, hatimi, da takardun wasiƙa masu tambari. Amma a wata ɗaya zai kawo allo da alli, wata mai zuwa ya haƙa rijiyar burtsatse, na gaba ya kawo maganin zazzaɓi asibitin sha-ka-tafi, azumi na ƙaratowa ya kawo gero da sukari, bayan salla ya gina gada. Julius Berger tun 1965 take ƙasar nan, ita ta gina gadar Eko a Legas, amma har yau ban ji an ce ta iya kawo geron azumi ba.

Kada wani ya zaci an yi watsi da doka. Ƙananan hukumominmu sun fi kowa girmama takarda. Doka ta ce a yi gasa, ana kuwa yi. A gefen sakatariya akwai ɗan shago mai kwamfuta ɗaya da janareta, nan ake haifar gasar. Alhajin da aka riga aka yi wa albishir zai shigo da takardun kamfani uku: nasa, na ƙaninsa, da wanda aka yi wa rajista da sunan uwargida.

“Yarinya, ki buga min uku. Wannan ki sa miliyan goma sha takwas, wannan sha tara da rabi, wannan ashirin da ɗaya.”

“Alhaji, duka lambar waya ɗaya zan sa?”

“Ke dai canja kalar rubutun kawai.”

Haka za ta buga, kuskuren da ta yi a shafin farko ya bayyana a duka ukun, a layi ɗaya. Sanarwar neman masu sha'awa kuwa an liƙa ta, ba wanda zai ce ba a liƙa ba. An manna ta a allon sanarwa ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci, aka rufe karɓa ranar Litinin da hantsi, kuma tsakani an jingina wata tsohuwar kabad a jikin allon don kare takardar daga ƙura. Ranar zaman kwamiti, shugaba na zaune, ga sakatare, ga ma'aji, ga shugaban sashen ayyuka, ga kansila mai gafaka. Za a buɗe da addu'a. Za a yage ambulan uku a gaban kowa, a yi mamaki tare, a ba mafi araha. Bayanin zaman ma ba ya wahalar da kowa, don sau da yawa an buga shi tun kafin a zauna. Da wuya zaman ya kai tsawon cin naman kazar da aka yi oda dominsa. A Abuja sai a shafe wata uku ana abin da mu muke gamawa kafin azahar.

Wani lokaci aiki kan fi ƙarfin abin da aka yarje wa shugaba ya sa wa hannu shi kaɗai, sai an je babban birnin jiha neman izini. Nan ma an samo mafita mai cike da tausayi: a yanka aikin gunduwa-gunduwa. Lambatu guda mai tsawon mita ɗari biyar sai ya zama kwangila biyar, kowacce ƙasa da iyakar da aka gindaya, kowacce da mai ita. Dokar 2007 ta kira wannan laifi, har ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga jami'in da aka kama da karya ta. Amma doka ba ta san cewa mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar ba, kuma kowane kansila na da jama'a. In lambatun na farko ya fi na biyu zurfi, na uku ya karkace ya nufi gidan mutane, na huɗu ba a fara ba, ai ruwa ne, zai nemi hanyarsa. In kuma an ga ko gasar kamfani ukun za ta ɗauki lokaci, sai a ce sashen ayyuka zai yi da kansa, a fitar da kuɗin da sunan wani ma'aikaci, shi kuma ya san wanda zai kai wa.

Mafi kyawun ɓangaren tsarin shi ne yadda aka sauke wa shugaban ƙaramar hukuma nauyin tunani. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗinsu ke fara sauka. Shekara da shekaru gwamnoni na riƙe musu amanar nan, suna tsakura musu daidai abin da ba zai lalata su ba. Manyan ayyuka a can sama ake tsara su da sunan aikin haɗin gwiwa, a cire kuɗin tun daga tushe, sunan ɗan kwangila ya sauko daga ma'aikatar ƙananan hukumomi a 'yar takarda ko ta waya. Shugaba sai ya ga katafila a garinsa, ya tambayi direbanta aikin me aka zo yi, don ya san abin da zai faɗa a jawabi. A watan Disambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ba da misalin yadda ake yi: in kuɗin ƙaramar hukuma miliyan 100 ne, sai a ba shugabanta miliyan 50, ya sa hannu cewa ya karɓi 100. Shi ya faɗe shi a matsayin ƙorafi. Ni kuwa abin da na gani a ciki ladabi ne, irin wanda ya yi ƙaranci a wajen 'yan zamani.

Ladabin ba daga sama ya faɗo ba. Hukumomin zaɓe na jihohi suna aiki tuƙuru wajen ganin ba a samu saɓanin ra'ayi tsakanin gwamna da shugabannin ƙananan hukumomi ba. A Kano, a zaɓen Janairun 2021, APC ta lashe kujerun shugabanni 44 cif. A Oktoban 2024, a jihar dai, NNPP ta lashe 44 cif. Jama'ar da ke sauya zuciya gaba ɗaya haka, ba ko mutum ɗaya a baya, sun cancanci a yi nazarinsu a jami'a. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Inda ma ba a so a wahalar da talakawa da layin zaɓe, a da sai a naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. Wanda aka ɗauko aka ɗora ba ya tambayar dalilin da ya sa kwangilar kasuwar garinsa ta faɗa hannun surukin wani kwamishina. Mutanen karkarar Kano sun san titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi a wa'adin gwamnatin 2011 zuwa 2015. Da dama cikinsu sun shekara goma ba a kammala ba, har gwamnatin da ta zo a 2023 ta sake alƙawarin ƙarasa su. Aiki guda ya ishi gwamnati uku abin faɗa a kamfe. Wane aikin da aka gama a wata shida ne zai yi wannan albarka?

Yanzu a zo ga zagayawar arziki, inda masana tattalin arziki ya kamata su zo da littafin rubutu. Wanda aka ba takardar kwangila ba lalle ne ya yi aikin ba, kuma ba a sa ran ya yi. Takardar ita ce kyautar. A ce, misali, ajujuwa biyu da ofis ne, an rubuta naira miliyan 30. Za a cire harajin kaya na kashi 7.5 da sauran haƙƙin gwamnati. Akwai kason na sama, wanda ba a faɗin sunansa. Akwai na jam'iyya. Akwai na sashen ayyuka da suka yi kiyasi, akwai na ofishin ma'aji don kada bauca ta yi nauyin ƙafa, har masinjan da ke ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan yana da na goro. Mai takarda sai ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwa ya karɓi la'adarsa ya tafi. Ɗan kasuwa ya duba ya ga shi atamfa ya sani, ya sayar wa wani mai tifa. Mai tifa ya nemo birkila ya ce su yi jinga. Kafin kuɗi ya isa filin makarantar, wataƙila miliyan 12 ya rage. Gida nawa aka ɗora tukunya a kan hanya? Da wancan baƙon na Kaduna aka ba, shi da leburorinsa kaɗai za su ci, sai yara su sami aji. Aji kawai.

A filin aikin ne ake ganin ƙwarewa ta gaskiya, domin gina abin miliyan 30 da miliyan 12, har a ci riba, ba aikin ƙaramin injiniya ba ne. Magina na cewa buhun siminti mai kilo 50 bulo wajen talatin yake bayarwa in ana son na kirki mai inci tara. A wajenmu yana ba da sittin, wani lokacin har da ɗoriya. Littafi ya ce kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Mu mun gano cewa yashi ba ya ƙin ɗan'uwansa. Inda zane ya ce rodi mai milimita 12, sai a sa mai 10, a buɗa tsakaninsu don iska ta samu wurin wucewa. Ban ruwan da ake yi wa kankare kwana da kwanaki an yafe shi, ruwa tsada gare shi. Birkilan, dattijo ne da ya shekara talatin yana riƙe da cokalin gini, ya ɗauki bulo ɗaya ya murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo masa a tafin hannu.

“Maigida, wannan fa bai ji siminti ba. Yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa.”

“Baba, kai dai ɗora. Filasta za ta rufe, fenti ya rufe filasta.”

Ya ɗora. Yana da iyali, kuma in ya ƙi, akwai birkila uku a bakin titi suna jiran a kira su.

Sai batun kuɗin kafin alƙalami. Dokar 2007 ta ce kada ya wuce kashi 15, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga kamfanonin gida, kuma ana so a kawo takardar lamunin banki ko ta inshora. Mu a ƙaramar hukuma lamunin mutum shi ne ubangidansa. Alamar an biya ba ta ɓuya a gari: za a ga sabuwar mota, ko a ji an ɗaura aure, ko a ji Alhaji ya tafi Umara ya yi wa ƙasa addu'a. A filin aiki kuma za a zuba tifar yashi biyu, a haƙa tushe, a ɗaga gini zuwa kan taga, sannan a ba shi lokaci ya huta. Awaki su sami inuwa, masu uzurin dare su sami sutura. In an yi shekara biyu, farashin siminti ya ninka, sai a dawo da buƙatar ƙarin kuɗi, kwamiti ya zauna ya tausaya. A nan kam dole ƙananan hukumomi su sara wa babbar yaya: kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 ne ba a kammala ba. Na ƙananan hukumomi ba wanda ya iya ƙirgawa, kuma wannan ma wata nasara ce.

In Allah ya sa an kai ga rufi, sai duba aiki. Jami'in da zai sa hannu a takardar shaidar kammalawa mutum ne mai kunya, ba ya son ya tozarta ɗan'uwansa Musulmi ko Kirista ta hanyar ƙwanƙwasa bango. Yakan duba daga cikin mota, gilashi a rufe saboda ƙura. Wani ma ya fi haka yarda da mutane, a ofis yake sa hannu. Akan riƙe kashi 5 na kuɗin har wata shida, wai ko wani aibi zai bayyana. Dubi yadda aka daidaita wannan da yanayin ƙasarmu: a miƙa aiki a Nuwamba, wata shida su cika a Mayu, a karɓi ragowar kuɗi, sannan guguwar farkon damina ta zo ta yaye kwanon ta kai shi gonar wani. Wannan kuma iko ne na Allah, ba mai ja da shi. Masu binciken kuɗi za su zo daga babban birnin jiha a ƙarshen shekara, a sauke su masauki mai kyau, su duba fayil su tarar da komai a jere: talla, kamfani uku, bayanin zama, shaidar kammalawa, rasit. Fayil bai taɓa tsagewa ba, bai taɓa yoyo ba. Da a cikin fayil yara ke karatu, da mun wuce Japan.

Ranar buɗe aiki kuwa ba a magana. Rumfa, makaɗa, 'yan banga, ƙyalle da almakashi. Rijiyar burtsatsen da aka tsayar da haƙarta tun ba a kai ga ruwa ba, an sa 'yan garuwa sun cika tankinta da daddare, mai girma shugaba ya murɗa famfo ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa, mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Kwana uku ruwan ya yi. Allon da ke ɗauke da sunan aikin da na shugaba da na gwamna kuwa, da ƙarfe mai kauri aka yi shi, aka dasa shi cikin kankaren da ya ji siminti. Duk wanda ya ce 'yan kwangilarmu ba su san aiki mai ƙarko ba, ya je ya gwada girgiza allon nan.

Tsofaffi kan cika mu da labarin zamanin En'e, wai ginin da aka yi tun kafin 1976, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, har yau yana tsaye. Suna kawo misalin aikin ruwan Challawa da En'en Kano ta yi tun farkon shekarun 1930, da tsoffin ajujuwan dutse da ƙusa ba ta shiga bangonsu. Ba sa faɗin aikin tilas da bulalar dogarai, amma bar wannan. Abin tambaya shi ne, me ginin nan ya tsinana wa 'yan kwangilar da aka haifa bayansa? Kwalbatin da zai shekara hamsin ya toshe abincin mutum hamsin. Namu kuwa duk shekara biyu yana dawowa cikin kasafin kuɗi: a gina, a gyara, a sake ginawa, a yi masa kwaskwarima. Sabon shugaba ma ba ya taɓa aikin da na baya ya bari, don kada a ce ya ci gadon wani. Nasa yake farawa a gefe, da nasa mutanen.

Akwai masu ƙorafi, ba a rasa su. Mutanen ƙauyen da kwalbatinsu ya karye a watan Agusta, suka ɗauko mai naƙuda a kan amalanke suka tsaya a bakin rafi suna jiran ruwa ya janye, sukan yi maganganu marasa daɗi. Malamin da ya mayar da aji uku gindin darbejiya saboda silin ya rufto shi ma yakan yi gunaguni, alhali ya samu iska kyauta. Akwai kuma matasan nan masu waya a hannu, da suka ji cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su damar tambayar nawa aka kashe, wa aka ba. Suna rubuto wasiƙa, ana karɓa hannu biyu, a ce su dawo mako mai zuwa, mai riƙe da makullin kabad ya tafi ta'aziyya. Sai ɗan kwangilar nan guda da ke kowane gari, mai injin kwaɓa kankare da takardun haraji cikakku, wanda ya ƙi gane karatun. Yana sayen fom duk shekara, yana jefa ambulan a akwati, yana zuwa ranar buɗewa da biro a aljihu. Shi ma yana da amfani, don shi ne kamfani na huɗu da ke sa gasar ta yi kyan gani. In tsautsayi ya sa farashinsa ya fi sauƙi, za a gano cewa hatiminsa bai fito sosai a shafi na bakwai ba.

Ba zan ɓoye ba, an sha tsorata mu cewa za a rusa wannan gini. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi ta ce kada a cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu don kare mutuncin tsarin mulki. Sai babbar girgiza ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomi ba su da gurbi a doka. Jihohi suka yi ta shirya zaɓe a gurguje, sakamakon ya fito yadda aka saba. A Anambra, kafin shekarar ta ƙare, an yi dokar da ta ce ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun da jiha ke kula da shi. Aka shiga 2025 ana ta kai-kawo kan buɗe asusu a Babban Banki. Hankalin masoya tsarin ya kwanta.

Ko da kuɗin ya fara sauka kai tsaye a ko'ina, ban ga abin tayar da hankali ba. Hukuncin ya faɗi asusun da kuɗi zai shiga, bai ce komai kan shagon kwamfutar da ke gefen sakatariya ba. Iyakaci a maimakon surukin kwamishina, aikin ya koma hannun surukin shugaba, wanda ɗan gari ne, an san gidansu, kuma in kwano ya yaye ana iya haɗuwa da shi a wajen ɗaurin aure a gaisa. Kansiloli ma sun fara lissafin lambatu nawa za a iya fitarwa daga mita ɗari biyar in aka matsa sosai. Wani ya ce takwas.